Zaren da ake warwarewa bayan salla

Wanda ke son ya auna nauyin addinin wani gari, to kada ya auna shi a daren ashirin da bakwai ga azumi. Ya dakata, ya je masallacin unguwa da asubahin uku ga Shawwal. A daren ashirin da bakwai, ko a Maraɗi ne ko Damagaram, ko Tawa ko Yamai, tabarmi kan fito har bakin kwalta, masu kabu-kabu su riƙa kewayawa ta wata hanya, lasifika na amsa wa juna har gari ya kusa wayewa. Mako guda bayan haka sai ladan ya yi kira, ya sake kira, liman ya waiwaya ya ga sahu ɗaya tak, shi ma bai kai bango ba: tsofaffi biyar ko shida, da mai gadin wani shago, da almajirin da dama can a nan yake kwana. Tabarmin da wani Alhaji ya sayo a farkon wata an naɗe su an jingine a kusurwa, ƙura da gara za su yi musu hidima har baɗi.

Wannan al'amari ba ɓoyayye ba ne, kuma ba a rasa masu magana a kansa ba. Huɗubar Juma'ar farko bayan ƙaramar salla kusan kowa ya haddace ta. Za a ambaci samari ƴan fada da shayinsu da kartarsu, a ambaci ƴan mata da kwalliyar salla, a ambaci kiɗa da finafinai da salula, sannan a rufe da cewa an kwance shaiɗanun da aka ɗaure, kowa ya yi hattara. Masu manyan riguna na sahun gaba su gyaɗa kai, a yi salla, a watse, kowa zuciyarsa sanyi ƙalau, domin wanda aka yi wa faɗan ba ya wurin, in ma yana wurin ba shi da bakin ramawa. Irin wannan wa'azi araha gare shi. Ba ya taɓa aljihun kowa, ba ya hana mai wa'azi samun buhun sukarinsa baɗi, ba ya kuma ƙara mutum ɗaya a sahun asuba, kamar yadda shekaru masu yawa suka shaida. Tulu ne ake ta cika shi da ruwa, an ƙi duba gindinsa.

Batun shaiɗanu ma ya kamata a sauke shi tun da wuri, don ya zama mafakar malalata. Gaskiya ne hadisi ya zo da maganar ɗaure su a watan azumi. Amma Alƙur'ani, a aya ta 22 ta Suratu Ibrahim, ya ba da labarin yadda Shaiɗan zai wanke hannunsa daga mabiyansa ranar hisabi, yana mai nuna cewa iyakar aikinsa kira, su ne suka amsa da ƙafafunsu. Wanda ya rage mudu ranar biyu ga Shawwal, hannunsa ne ya rage, kuma a bara ma da wannan hannun ya rage.

A Suratun Nahli, aya ta 92, akwai misalin da ya fi kowane dacewa da ƙasar Hausa, wato misalin macen da ta kaɗa zare ya yi ƙarfi, sannan ta zauna ta warware shi da kanta. Ayar ta zo ne kan masu warware alkawari bayan ƙulla shi, malamai kuma sun daɗe suna jawo ta ga wanda ya rushe aikinsa na azumi. Matan da suka tashi a zamanin mazari da alli da abawa sun san abin da wannan ke nufi fiye da masu digiri: a gurza auduga, a shiɓe ta, a zauna kwana da kwanaki ana murza mazari har yatsa ya yi kanta, sannan a ce an mayar da abin suttu kamar ba a taɓa ba. Ko a ƙauye, wadda ta yi haka sai a ce a nema mata magani. Abin mamaki shi ne gari guda yana yin haka duk shekara, da manyansa da malamansa, kuma ana kiran ranar warwarewar ranar farin ciki.

Ayar da ta wajabta azumi, ta 183 a Suratul Baƙara, ta faɗi dalilinsa a fili, shi ne samun taƙawa. Ke nan azumi horo ne, horo kuwa ana yin sa ne saboda abin da ke bayansa. Babu manomin da ke wasa fartanya wata guda cur sannan ya rataye ta ranar da ruwan shuka ya sauka. Shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355, azumi ya ɗauki 29 ko 30 daga ciki. Sauran kwana ɗari uku da ashirin da wani abu su ne gonar, kuma a cikinsu ne ake ganin ko fartanyar ta ci wasa.

To, a duba kasuwa, tun da nan ne taƙawa ke haɗuwa da tiya. Cikin azumi attajiri kan buɗe ƙofarsa: kunu da ƙosai a ƙofar gida, dabino a masallaci, buhunan hatsi da shinkafa ga dangi da malamai, wani lokaci har da mai ɗaukar hoto. Babu mai hankalin da zai raina wannan, don cikin da ya ƙoshi ya ƙoshi. Sai dai yunwa ba ta duba tsayuwar wata. Kalandar Musulunci tana ja baya da kwana goma ko goma sha ɗaya kowace shekara, yunwar manomi kuwa tana nan a mazauninta, daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya koma fanko sabon hatsi bai nuna ba. Shekarar 2005 ta isa darasi. Azumin da ya gabace ta ya faɗo ne daga tsakiyar Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba na 2004, daidai da kaka, bayan ƙarancin ruwa da fara sun ɓata amfanin gona a wurare da yawa. An yi sadaka, an yi tafsiri, an yi salla. Wata takwas bayan haka, cikin Yuli da Agusta na 2005, sunan Maraɗi ya zagaya duniya da hotunan yara masu tamowa, ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar cikin wannan shekara. Abin da ya fi ciwo shi ne hatsi bai ɓace daga kasuwa ba. Yana nan a buhuna, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka. Kuma Maraɗi ita ce cibiyar kasuwancin ƙasa, garin Alhazai, garin da masallatansa ba su ƙirguwa. Dalilan wannan masifa suna da yawa, wasu daga gwamnati, wasu daga kasuwannin ƙetaren iyaka, ba za a jibga su duka a kan ɗan kasuwa ba. Amma tambaya ɗaya ba ta gujuwa: hannun da ya miƙa kunu kyauta a Nuwamba, me ya yi da makullin sito a Yuli?

Ba labarin da ya wuce ba ne. A 2024 ƙaramar salla ta zo cikin Afrilu, a 2025 ta zo a ƙarshen Maris, haka za ta ci gaba da matsawa baya cikin sanyi. Ma'anar wannan ita ce watannin wuya suna zuwa ne bayan an tattara tukwanen sadaka an kife. Mai ba da bashin tiya ɗaya da damina don a biya shi biyu da kaka ba ya cikin ƴan fada, kuma ba a taɓa jin huɗubar bayan salla ta kama sunan sana'arsa ba, alhali akwai sura sukutum, Suratul Muɗaffifina, da ta buɗe da narkon azaba ga masu tauye mudu.

A nan ne wani kuskure ya yi kaka-gida, har masu ilimi na yi masa shiru. Mutane da yawa sun haɗe zakka da azumi, kamar dai wata ɗaya aka ware wa haƙƙin talaka. Zakkar fid da kai ce ke tafe da ƙarshen azumi, sa'i ɗaya na abincin gari a kan kowane rai, wato mudun Annabi huɗu. Zakkar dukiya lissafinta dabam ne, tana bin cikar shekara a kan nisabi, a kowane wata ta cika. Zakkar amfanin gona kuwa ba ta jiran shekara, tana wajaba da girbi, in ya kai wusƙi biyar, wato sa'i 300: kashi ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin haka ga abin da aka sha wahalar ban ruwa. Duk wannan yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar nan tun kaka da kakanni. Shari'a da kanta ta baza haƙƙin matalauci a faɗin shekara. Mutane ne suka tattaro shi suka cusa a wata guda, watan da idanu suka fi yawa, kuma mai ba da buhu goma a bainar jama'a yakan manta da lissafin buhu ɗari da ke kansa.

Malamai ma ba za su fita ba. Tun bayan Babban Taron Ƙasa na 1991, da ƙungiyoyin addini suka yawaita, gidajen rediyo masu zaman kansu suka buɗe, tafsirin azumi ya zama kasuwa mai cin kanta. Kowane malami da mai ja masa baƙi, kowane zama da attajirin da ya sayi lokacin rediyo, ana ambaton sunansa kafin a buɗe littafi da bayan an rufe. An amfana, babu musu: matar da ke tsakar gida tana dama kunu ta ji fassarar ayoyin da uwarta ba ta taɓa ji ba. Amma ranar rufe tafsiri sai a yi addu'a, a raba kyaututtuka, a ce sai baɗi in da rai. Daga nan zaure ya koma na ɗalibai bakwai, rediyo ta koma ga tallan magi da gaishe-gaishe. Jama'a ba makafi ba ne. In sun ga karatu na da kaka kamar gyaɗa, za su ɗauka cewa aiki da shi ma yana da kaka. Malamin da ya naɗe tabarmar karatunsa ranar ashirin da tara bai da hujjar yin mamaki idan almajiransa suka naɗe ta salla ranar ɗaya ga wata. Akwai waɗanda ba su taɓa rufe zaurensu ba, rani da damina, tsakanin magariba da lisha, ba lasifika ba mai ɗaukar nauyi, kuma su ne ba a san sunayensu ba a wajen unguwa.

Abin da ya saura na kuzarin addini bayan salla sai ya ƙare a jayayya kan sitta Shawwal. Wannan ya ce sunna ce tabbatacciya, ya kawo hadisin Abu Ayyub al-Ansari da ke cikin Sahihu Muslim, inda aka kwatanta ladan azumin Ramadan haɗe da kwana shida na Shawwal da na azumin shekara, lissafin kuwa a sarari yake: talatin sau goma, da shida sau goma, 360 ke nan. Wancan ya ce Imamu Malik ya karhanta, ga shi cikin Muwaɗɗa. Kowa ya riƙe rabin magana ya hau mumbari. Da za a karanta dalilin Malik da natsuwa, da an ga bai shafi ƙin ibada ba. Tsoronsa shi ne kada jahilai su liƙa waɗannan kwanaki a jikin Ramadan har su ɗauke su farilla, shi ya sa malaman mazhabarsa na baya suka bayyana cewa karhancin ya rataya ne ga sharuɗɗa, irin su haɗa su da salla kai tsaye a jere, da bayyana su, musamman daga wanda ake koyi da shi. Wato Malik yana tsare iyakar farilla ne daga masu son ƙari na gani-a-faɗa. Yau ga mutum yana cika baki da kwana shidansa a majalisa, yana tambayar kowa ko ya fara, alhali sallar asuba, wadda babu saɓanin malami ko ɗaya a kan wajabcinta, rana ce ke tashinsa gare ta. An bar jaki ana dukan taiki.

Mai kare jama'a zai ce: ai Ramadan dabam yake, Allah ne ya fifita shi, kuma ba a taɓa cewa mutum ya yi tahajjud shekara zagaye ba, hadisin Ibn Abbas ma ya nuna Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fi kyauta a Ramadan. Wannan magana tana da ƙafa, kuma duk mai neman Shawwal ya zama Ramadan ya jahilci halittar ɗan Adam. Rai na gajiya, imani na hawa yana sauka. Sai dai hadisin nan da aka kafa hujja da shi ya fara ne da siffanta Annabi da cewa shi ne mafi kyautar mutane, sannan ya ce kyautar tana ƙaruwa a Ramadan. Ƙari ne a kan abin da dama yake gudana, kamar gulbin da ke da ruwa duk shekara ya cika ya batse da damina. Abin da ake gani a garuruwa kuwa ya fi kama da Gulbin Maraɗi, wanda ke ambaliya wata biyu-uku, sauran shekara yara na buga ƙwallo a cikinsa. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa aikin da Allah ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne, kuma an gargaɗi Abdullahi ɗan Amr kada ya zama kamar wani mutum da ya saba tsayuwar dare sannan ya bari. Ba wanda ya nemi izu sittin daga ma'aikaci a watan Zulƙida. Shafi ɗaya fa? Raka'a biyu? Jika ɗaya duk Juma'a ga gwauruwar da ke bayan gida?

Misalin wannan ɗorewa yana nan kusa, a wurin da masu wa'azi ba su cika dubawa ba. A 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi, tare da ƙungiyar CARE. Mata ne na karkara, galibinsu ba su shiga lakwal ba, suna haɗuwa mako-mako kowace ta zuba ɗan abin da ta iya a akwati, a ba mai bukata rance, a ware wani abu don ranar ciwo ko haihuwa. Tsarin ya bazu a Nijar, ya ƙetara zuwa ƙasashe da dama. Ba ƙungiyar addini ba ce, ba ta kuma yi da'awar haka ba, amma ta gane abin da hadisin A'isha ke koyarwa: dala ashirin da ba ta fashi ta fi jika goma mai zuwa sau ɗaya. Waɗannan matan dai su ne suka yi wata guda tsakanin murhu da turmi don maza su samu zuwa tafsiri da cikakken ciki, su ne kuma ke fitowa daga azumi da bashin ramuwa a kansu, wanda ba mai tambayar yadda za su biya shi cikin zafin bazara da goyo a baya. Idan huɗuba ta tuna da su, kan tsawon mayafi ne.

Ma'aikatu da makarantu su ne wurin da masu karanta wannan shafi suka fi sani, kuma bai kamata a tsallake su don kunya ba. Cikin azumi ma'aikaci kan kame hannunsa, ya ce da mai miƙa masa ɗan goro a bari sai bayan salla. Kalmar nan ta «bayan salla» ta tona asiri duka: haram ɗin ba a bar shi ba, an ɗaga masa rana ne. Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wanda bai bar ƙarya da aiki da ita ba, Allah ba ya bukatar yunwarsa da ƙishirwarsa. Wanda ya jingine ƙarya wata guda, da niyyar komawa gare ta, sai ya tambayi malaminsa a wane ɓangare yake. A lakwal, hutun salla na kwana ɗaya ko biyu yakan miƙe ya zama mako, mushe bai dawo daga ƙauye ba, yara tamanin na zaune a rumfar kara suna jiran wanda ya yi itikafi kwana goma. Jarrabawar ƙarshen shekara kuwa, a waɗannan shekaru, tana zuwa ne wata biyu ko uku bayan salla, lokacin da wasu iyaye, waɗanda suka yi kuka a addu'ar saukar Alƙur'ani, ke yawo da ambulan suna neman wanda zai gyara wa ɗansu maki. Yaro yana kallo. Ya ga ubansa a sahun farko cikin Ramadan, ya gan shi a ƙofar mai gyaran takardu a watan Yuni, ya haɗa biyu da biyu da kansa. Daga nan duk darasin tarbiyya da za a rubuta masa a allo ya zama abin haddacewa don cin maki kawai. Malaman kwantiragi da albashinsu ke makara suna da kuka na gaskiya, kuma wanda ya riƙe haƙƙinsu yana cikin masu warware zare, ko da ya yi umra a goman ƙarshe. Amma yaron da ke rumfar kara ba shi ya riƙe albashin ba.

Su kuma samarin da ake ɗora wa laifi, a yi musu adalci. Da yawansu sun tashi sahur ba tare da wani ya tashe su ba, sun yi azumi a kan babur cikin rana mai kai digiri arba'in, sun cika sahun asham. Wannan ya nuna akwai abin kamawa a jikinsu. Ranar salla sai kowa ya sake su. Masallacin da ya ba su wuri da kunu da karatu wata guda ya koma buɗewa minti goma a rufe, fada kuwa ba ta rufewa: tana da shayi, tana da abokai, tana da mai tambaya in ba a ga mutum ba kwana biyu. Fada ta fi masallacin unguwa sanin sirrin ɗorewa, shi ya sa take cin nasara.

Ƙungiyoyin al'adu da na malamai, waɗanda suka iya shirya gasar karatu da wasan kwaikwayo da lacca cikin azumi, kasafinsu ma yakan ƙare da ganin wata. Da za su ɗauki kashi ɗaya cikin huɗu na abin da suke kashewa a bikin rufe tafsiri, da ya isa sayen fitila mai aiki da hasken rana da allo da littattafai kaɗan, a riƙa zama ɗaya duk mako, daga Shawwal har Sha'aban, ko da mutum goma ne. Tabarmin ma ba sai an saya ba, suna nan jingine a kusurwar masallaci, kuma makullin yana hannun ladan.